Ƙafar Baba da Turancin Auta

Turanci ban iya shi ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Amma akwai kalma guda da na riƙe tun zamanin Nasara, na san ma'anarta sarai, na san inda ake saka ta, kuma har gobe in na ji jikokina sun faɗe ta sai in kau da kai. Kalmar ita ce woriyin. Ana faɗin ta ne ga abin da ke tada hankali, irin abin da mutum zai duba ya ce a ranshi, wannan fa ba lafiya ba. Ƙanena ne ya kawo ta gidanmu, shekarar da ƙafar Baba ta lalace.

Ni ne ɗan fari. A ƙauyenmu, can bakin gulbi tsakanin Wurno da Goronyo, uba ba ya kiran sunan ɗan farinshi. Ba ya hira da shi, ba ya wasa da shi, ba ya ma duban shi ido cikin ido in da mutane. Kunya ce, haka munka tarar. In Baba yana son in yi wani abu sai ya juya wajen duk wanda ke kusa ya ce, "A ce ma wancan shi kai jaki mashaya." Ko da ina tsaye gabanshi ne. In ba kowa a wurin sai ya faɗa ma iska, ni kuma in tsince ta. Inna ma haka, ita tata kunyar ma ta fi tashi. Na girma a kan haka ban ɗauke shi bakin komai ba. Ni kaina ban kiran sunan nawa ɗan farin, don haka kada wani ya ce zagin al'ada nake.

Mu biyu ne maza, mata uku a tsakaninmu, duk sun yi aure. Lokacin da hakimi ya aiko a ba da yaro ɗaya daga unguwarmu don makarantar boko, ƙuri'a ta faɗo gidanmu. Baba ya ɓoye ni a fadama, ya miƙa Auta. Kowa ya ce an cece ni. Mata sun yi ta zuwa yi ma Inna jaje kamar an yi rashi, ni kuwa ina ta ɗaga kai, ni ne ɗan da ba a iya rabuwa da shi. Na zauna ina jan jigo ina ban ruwan albasa, shi yana Wurno yana zana allo da farin alli. Da ya gama anka ɗauke shi aiki a ɗakin shan magani na garin, yana wanke ciwo yana naɗa bandeji. Yakan zo gida ran Jumu'a da farar taguwa da gajeren wando, yana ƙamshin aidin, maganin ciwo.

Ba mugu ba ne, wannan ita ce masifar. Da mai girman kai ne da na samu abin riƙewa. Amma yaron nan sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina wuni? Ya aiki?" Ya kawo mani sabulu, ya kawo ma matata gishiri. Kai ka rasa ta inda za ka kama shi.

Kututturen gero ne ya yanki Baba a ƙwauri wajen ƙarshen damina. Ciwo ɗan ƙarami, bai ko ɗaure ba. Kafin a yanke dawa ya zama gyambo. Munka yi maganin gida, munka kira wanzami, Goggo ƙanwar Baba ta taso daga Rabah da ƙullin wani gari da ta ce bai taɓa ba ta kunya ba, ta kuma zauna jinya. Ciwo dai sai faɗi yake.

Wankin ciwon nawa ne. Kullum da hantsi, in na dawo ban ruwan safe, sai in dafa bagaruwa, in bari ruwan ya huce, in shiga ɗakin Baba in zauna a kaikaice don kada mu haɗa ido. Ya miƙo ƙafa a kan turmi da anka kifa, in wanke, in barbaɗa gari, in naɗe da tsumma mai tsabta. Ba mai cewa uffan. Na san ciwon nan fiye da kowa. Na san ranar da bakinshi ya fara baƙi, na san ranar da wari ya sauya. Amma ba a faɗi. Masu dubiya su cika zaure, a ce, "Malam, ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi." A juyo wajena a ce, "Ya mai jiki?" in ce, "Da sauƙi." Wanda ya ce wani abu daban an ce ya yi mugun baki, ko kuma yana ƙorafi da hukuncin Allah. Mutum zai yi ta jin sauƙi har ranar da za a ce sai haƙuri.

Ana nan sai Auta ya zo da labarin cewa Baturen likita zai biyo rangadi ta Wurno. Baba ya ƙi, Goggo ta ƙi, Auta ya yi ta lallashi yana zolayar Baba har ya yarda. Shi yana iya zolayar Baba. Yana zama a bakin gadonshi, yana cin sauran furarshi, har gemunshi na taɓa ganin ya ja.

Ni na ɗora Baba a jaki, ni na ja akala har Wurno. Da munka isa Auta ya tallabe shi sunka shiga, ni anka bar ni gindin tsamiya da jaki. Ban ga Baturen ba ma sai ƙeyarshi, ja wur, lokacin da ya fito ya shiga mota.

A hanyar komawa ina gaba da igiya, Auta yana tafe gefen Baba yana riƙe da ƙafar don kada ta bugi cikin jaki. Sai na ji Baba ya ce, "Auta, mi Nasaran nan yac ce sa'ad da yad duƙa yana girgiza kai?"

Auta ya ce, "Cewa ya yi woriyin, Baba."

"Mi ke nan?"

"Abin da bai kai a yi kuka ba, amma kuma ba a sakin jiki da shi. Abin da ke damun rai."

Baba ya juya kalmar a bakinshi kamar mai ɗanɗana goro. Ya faɗe ta a karkace, Auta ya gyara mashi, ya sake faɗi, sunka yi dariya. Sannan ya ce, "Ashe su suna da masauki tsakanin da sauƙi da sai haƙuri. Mu ba mu da shi." Ya sake faɗin ta, a hankali wannan karon, ba dariya.

Ni ina gaba ina ji. Igiyar nan sai da ta yi mani shaida a tafin hannu saboda yadda na matse ta.

Daga ranar kalmar ta zauna gidanmu. Da farko wasa Baba ya mai da ita. In miyar kuka ba ta ji daddawa ba, ya leƙa kwano ya ce ma Auta, "Wagga miya woriyin ta." In jaki ya ƙi cin harawa, woriyin. Ranar da Goggo ta yi faɗa da maƙwabciya a kan kaza, ya ce Goggo ma woriyin ce, Auta ya yi dariya har da riƙe ciki. Goggo ta ce su dai bar ta da yaren kafirai, ba ta san ko zagin ta ake ba.

Auta ya nemi izni wajen aiki yana zuwa kusan kullum da la'asar da nashi maganin, wani ruwa shuɗi da bandeji fari. Ni in wanke da safe, shi ya wanke da yamma. Ɗakin Baba zana ce kawai ta raba shi da inda nake ɗaure jaki, don haka ba laɓe nake ba, kunne ne ba ya rufuwa. Masu dubiya za su fita, an sha musu da sauƙi sun koshi. Sai in ji Auta ya rage murya ya ce, "To Baba, ni hwaɗa mani gaskiya. Ya ƙahwa?" Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Woriyin, Auta. Jiya har cinya nij ji shi." Daga nan sai magana ta ɓalle. Ya gaya mashi yadda zafin ke hawa, ya gaya mashi yana tsoron a yanke ƙafar, ya gaya mashi ba ya son ya zama kaya a wuyan mutane. Baba, wanda ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Da Hausa ba zai iya buɗe wannan magana ba, amma in ya fara da kalmar Nasara sai sauran ya biyo da kanshi, don ita ba ta cikin abin da anka hana faɗi.

Washegari da hantsi in shigo da ruwan bagaruwa, in durƙusa in ce, "An kwana lahiya? Ya jiki?" Ya dubi bango ya ce, "Da sauƙi."

Abin da ake ba baƙo shi ake ba ni. Ni da hannuna ke cikin ruɓar. Wallahi kishi na ji, kishi tsagwaronshi, irin mai hana cin abinci. In ga farar taguwar nan ta ɓullo ta kan hanyar Wurno sai tuwo ya fita raina. Na fara ganin laifin tafiyarshi, da yadda yake naɗe hannun riga, da yadda yake wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu sai ka ce mu ƙazamai ne. Ran nan ya ce mani, cikin ladabi kuwa, in riƙa tafasa tsumman kafin in naɗa. Na ce mashi tun yana cikin tsumma ake naɗa tsumma a gidan nan. Ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Na tafasa tsumman, amma sai da ya tafi.

Na kai ƙara wajen Goggo, a fakaice. Tana tsinke zogale ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. Wanda aka jin kunya ai shi a babba. Auta abin wasa na, kai ko kai ag gida." Na ce na ji. Na kuma san gaskiya ta faɗa. Amma ni a lokacin da za a ce in zaɓa, da na ba Auta gidan da gonar da jigon, ya ba ni zama ɗaya a bakin gadon nan.

Sai na ce a raina, to mi ya hana? Kalma ce, ba gadon kowa ba ce. Na ji ta har na haddace. Na riƙa faɗin ta a fadama ina jan jigo, guga ya nutse in faɗa, guga ya fito in faɗa, har ta zauna a bakina daidai yadda Auta ke faɗin ta. Na ma fi Baba iya ta. Na yi ta jiran ranar da za ta dace, don ban son in yi wasa da ita. So nake in faɗe ta a inda take da gaskiya, ya san ni ma na gani, ya san zai iya gaya mani.

Ranar ta zo. Na kwance tsumma na ga baƙin ya haura, naman wajen ya saki. Goggo tana bakin ƙofa tana kaɗi. Na dai daure, ban ɗaga kai ba na ce, "Baba, ƙahwag ga woriyin ta."

Mazarin Goggo ya tsaya. Na saci kallon Baba, na ga kunnuwanshi da wuyanshi sun yi wani iri, ya kau da kai gaba ɗaya wajen bango kamar na shigo na tarar da shi ba riga. Ya jawo bakin zanenshi ya rufe gwiwar. Can ya ce, ba da ni ba, da Goggo, "A ce ma wancan in ya ƙare shi tahi, rana na yi ma albasa." Na naɗe ƙafar, na ɗauki ƙwaryata na fita. Goggo ta biyo ni har bakin zaure tana cewa ashe ban da ta ido, ɗan fari guda da bakinshi a gaban ubanshi, wa ya koya mani wannan fitsara.

Da la'asar ina ba jaki ƙaiƙayi Auta ya zo. Na ji Baba ta bayan zana yana cewa, "Ka san yau wancan ya yi mani Turanci?" Auta ya ce, "Yaya?" Baba ya ce, "Shi. Kuma daidai yaf faɗe ta, ya fi ni iyawa." Sunka yi dariya, ba ta mugunta ba, dariya mai taushi. Sannan Baba ya ce, "Ashe ya gani." Auta ya ce, "Ai shi ka wanke ta kullum, Baba." Sunka shiga wata maganar. Na tsaya da kwandon ƙaiƙayi a hannu, ban san ko daɗi zan ji ko haushi ba. Ko yabona ma sai a kunnen Auta ake zuba shi.

Bayan wannan ban sake faɗin kalmar ba. Ciwo kuwa ya ci gaba, zazzaɓi ya shigo. Auta ya ce ba sauran abin da ɗakin maganinsu zai iya, sai babban asibiti a Sakkwato. Wannan karon ba wanda ya yi gardama, har Goggo.

Na shirya tsaf. Irin albasa ya isa dashe, na sani, amma na je na roƙi wani abokina da munka yi iyaka a fadama ya riƙa ba shi ruwa har in dawo, ya kuma yarda. Na ƙulle riguna biyu da bargo na tura can ƙasan mangala ba wanda ya gani. A lissafina Auta yana da aikin Nasara, ba za a bar shi ya daɗe ba. Dole wani ya zauna da Baba, ya ɗaga shi, ya kwantar da shi, ya kai shi bayan gida. A can babu Goggo, babu masu dubiya, babu wanda za a aika da magana. Daga ni sai shi a garin da ba a san mu ba. Ko bai so ba sai ya yi mani magana da bakinshi. Abin da nake ta saƙawa ke nan har munka isa Wurno.

Motar gyaɗa ce za ta tafi, an yi ma Baba shimfiɗa a kan buhuna. Ni na goya shi daga kan jaki, ya yi sauƙin ɗauka har abin ya ba ni tsoro. Na hau da shi, na kwantar da shi, na gyara ƙafar a kan tsumma. Na sauko na zaro ƙullina daga mangala. Baba ya ga ƙullin. Ya dube shi ya daɗe, sannan ya juya wajen Auta da ke zaune kusa da kanshi.

"Auta, ka ce ma wancan shi koma gida. Iri ya isa dashe, kuma ba a barin mata su kaɗai. In ba shi nan, ba gida."

Tsakanina da Baba bai fi a miƙa hannu ba. Auta ya dube ni, idonshi ya cika da ruwa, ya ce, "Yaya, Baba ya ce..." Na ce, "Na ji." Na mai da ƙullin cikin mangala. Yaron mota ya buga jikin mota, sunka tashi. Na ga Auta ya tallabi kan Baba ya ɗora a cinyarshi saboda gargada.

Na koma na yi dashe. Albasar ta yi kyau a shekarar, ban taɓa samun irinta ba, kuma ban ji daɗinta ko kaɗan ba. Ba a kai ga cire ta ba saƙo ya zo cewa Baba ya cika, an yi mashi sutura a can.

Auta ya dawo ya rame. Munka yi zaman makoki, mutane sunka watse. Wata safiya ina fadama sai ga shi ya biyo ni, ba farar taguwa, ya zauna a kan kunyar gona yana kallon ruwa yana bin fangali. Ya ce akwai abin da yake son ya gaya mani tun da ya dawo. Ya ce a asibiti Baba ba ya da magana sai tawa. Ko na yi dashe, ko jigo bai karye ba, ko ina cin abinci. Ya ce Baba ya ƙi yarda ma'aikata su wanke ciwon sai da lallashi, yana cewa hannunsu ba kamar na wancan ba. Ina jin shi ina jan jigo, ban tsaya ba.

Sai ya ce, "Kuma Yaya, da zazzaɓi ya yi zahi, ya kira sunanka."

Na saki igiya, guga ya koma rijiya.

"Sunana na yanka?"

"Shi. Ba sau ɗaya ba. Yana kira yana duban ƙohwa."

Ya faɗa mani ne don in ji sanyi, na sani, Allah ya jiƙan shi, shi ma yanzu ya riga mu gidan gaskiya. Amma abin da ya taso mani ba sanyi ba ne. Sunana ne, nawa, Baba ya raɗa mani shi ya kuma kulle bakinshi a kanshi tun ranar suna. Ranar da ya buɗe, Auta ne ke zaune a wurin. Ban taɓa jin kishin wani mahaluki kamar yadda na ji nashi a safiyar nan ba.

Na zauna kusa da shi a kan kunyar, ƙafafuna duk laka. Na ce, "Ƙaƙa yaf faɗe shi? Hwaɗa mani yadda yaf faɗa."

Ya yi gyaran murya, ya rufe ido, ya yi iya ƙoƙarinshi. Ya ja sunan, ya sassauta ƙarshen. Na ce ya sake, ya sake. Na kasa kunne iya kasawa, amma muryar Auta kawai nake ji.